Sandar da Ta Kori Ƙusa: Tarihin Waldar Lantarki

A shekarar 1889, da aka kammala hasumiyar Eiffel a birnin Paris, babu inda aka yi wa walda a jikinta, ko da tsawon ɗan yatsa. Ƙusoshin ribit kimanin miliyan biyu da rabi ne ke riƙe da ita. Waɗanda aka buga a wurin ginin, kowace ɗaya sai da mutum huɗu suka taru a kanta: wannan ya gasa ta har ta yi jawur, wannan ya zura ta a huda ya tokare, na uku ya ɗora ƙarfen da ke fitar da siffar kanta, na huɗu ya yi ta sauke guduma. In ƙusar ta huce sai ta tsuke, ta matse fallayen ƙarfen biyu gam. Da haka aka gina gadojin jirgin ƙasa da tukwanen tururi da jiragen ruwa. Titanic, wanda ya nutse a 1912, ƙusoshi wajen miliyan uku ya ci.

Hanya ce mai aminci, amma tana da cin kuɗi. Dole a ɗora bakin falle a kan bakin ɗan'uwansa, abin da ya hau kuwa nauyi ne na banza. Dole a yi huda dubbai, kowace huda tana rage wa ƙarfen ƙarfi. A tukunyar tururi kuma, inda ƙarfe ke zafi yana sanyi kullum, ƙusoshin sukan saki, ruwa ya fara tsattsafowa.

Ɗaya hanyar ita ce ta maƙera, wadda ta girme wa wannan nesa ba kusa ba. Maƙeri ya sa ƙarfe biyu a wuta, yaro yana zuga, har su wuce ja su koma fari suna tartsatsi, sai ya fizgo su da awartaki ya haɗa bakinsu a kan uwar maƙera ya bi su da masaba. A ƙasashe da dama maƙera sukan barbaɗa yashi a bakin ƙarfen kafin su haɗa, don sun lura in yashin ya narke yana kwashe dattin da wuta ta bari, yana kuma rufe wurin. Amma iyakar maƙera a fili take. Abin da zai shiga murhu ya hau uwar maƙera, shi kaɗai ake iya haɗawa, ba a kuwa ɗaukar jirgin ruwa a kai shi maƙera. Abin da aka rasa shi ne wutar da za a ɗauka a kai wa ƙarfe inda yake, wadda zafinta zai narkar da shi nan take.

Wutar ta samu da wuri, cin moriyarta ne ya jinkirta. A 1802 wani malamin kimiyya a birnin St. Petersburg na Rasha, Vasily Petrov, ya harhaɗa wani makeken batir, ya kusanto da gawayi biyu da ke ɗaure a wayoyinsa, sai wata wuta mai kashe ido ta tsaya a tsakaninsu ba ta mutu ba. A littafinsa na 1803 ya ce za a iya narka ƙarfe da ita, amma da Rashanci ya rubuta, labarin bai yi nisa ba. 'Yan shekaru bayan haka Humphry Davy ya nuna wa mutanen Landan irinta, kuma da yake iskar da ta ɗau zafi tana ɗaga tsakiyar wutar ta lanƙwasa, sai aka riƙa kiranta baka. Shekara kusan tamanin bakan wutar nan bai wuce abin kallo da fitila ba, saboda batir na lokacin ba ya jimirin aiki mai nauyi. Sai da injinan samar da lantarki suka yawaita sannan aka waiwaye shi.

A 1881 wani Bafaranshe, Auguste de Méritens, ya yi amfani da bakan wuta ya haɗa fallayen darma na batir. Darma ba ta da wuyar narkewa, don haka wannan somin-taɓi ne. Wani Barashe da ya yi aiki a Paris a wannan lokaci, Nikolai Benardos, shi ya kai abin ga baƙin ƙarfe. Shi da abokin harkarsa Stanisław Olszewski sun yi rajistar dabarar a Ingila a 1885, a Amurka a 1887. Sandar gawayi ce a cikin mariƙi: waya ɗaya a jikin sandar, ɗaya a jikin ƙarfen, wuta ta tashi a tsakani, in ana son ciko sai a riƙa tura wani ƙarfen da ɗaya hannun. Matsalarta ita ce gawayin yana shiga cikin narkakken ƙarfen ya busar da shi.

Wanda ya yi tunanin da ake tafiya a kansa har yau shi ne Nikolai Slavyanov, injiniya a masana'antar ƙera igwa da ke Perm. A 1888 ya ajiye gawayi ya ɗauki sandar ƙarfe, ta zama ita ce mai ɗauke da lantarki, ita ce kuma ciko, tana narkewa tana ɗiga cikin mahaɗar. Ya riƙa rufe narkakken ƙarfen da dakakken gilashi, wato dai dabarar yashin maƙera ce ta dawo. Sai dai aikinsa ya fi kama da zubi: a kwance kawai yake yiwuwa, sai an kewaye wurin an tare ƙarfen kada ya kwarare. A 1890 wani Ba'amurke a Detroit, Charles Coffin, shi ma ya samu rajistar walda da sandar ƙarfe.

To, ga wuta ga ciko, me ya hana ƙusa mutuwa tun a lokacin? Iska ce. Narkakken ƙarfe yana zuƙar iskar da muke shaƙa. Oksijin da ke cikinta yana ƙone sinadaran da ke ba ƙarfe nagarta, ya bar tsatsa da ƙananan ramuka a ciki. Naitirojin kuma, wanda shi ne kusan kashi huɗu cikin biyar na iska, yana shiga ya sa ƙarfen gautsi. Waldar da aka yi da tsirarar waya takan yi kyau a ido, a buga mata guduma ta ɓalle. Ga shi wutar ba ta tsayawa wuri ɗaya, tana yawo tana mutuwa. Injiniyoyi da kamfanonin inshora suka ce a yi faci da ita in an ga dama, amma ba za a ɗora mata rayukan mutane ba. Kuma gaskiya ce suka faɗa. A wannan tsakani, a 1903, Faransawa biyu, Edmond Fouché da Charles Picard, suka fito da bututun walda mai aiki da oksijin da iskar kabaid, irin wanda masu gyaran jikin mota ke riƙewa har gobe, ya kwashe kasuwa na wani lokaci.

A ganina, duk tarihin waldar sanda yana rataye ne a kan abin da ya faru bayan wannan, kuma mutumin da ya fi cancanta a tuna shi ne Oscar Kjellberg. Ɗan ƙasar Suwidin ne, an haife shi a 1870, ya yi shekaru yana aikin injiniya a cikin jiragen ruwa, don haka ya san takaicin tukunyar tururi mai yoyo a tsakiyar teku. A 1904 ya kafa kamfanin ESAB a birnin Gothenburg, yana gyaran jiragen da ke tashar. Gyaran tukunya kuwa ba ya barin mutum ya zaɓi yadda zai tsaya. Wata tsagar tana gefe, wata tana saman kai, ƙarfen da ya narke kuma ƙasa yake son zuwa. Kjellberg ya riƙa yanka waya guntu-guntu yana tsoma su a wani kwaɓi mai kauri na garin duwatsu, yana shanyawa su bushe. A 1907 ya samu rajistar sanda mai riga. Haruffan OK da ake gani a kwalin sandunan ESAB har yau, farkon sunayensa ne.

Ga yadda abin ke aiki, domin sai an gan shi kusa ake gane darajar wannan busasshen kwaɓi. Injin walda ba ya ƙara wa lantarki tsini, rage shi yake yi. Yana karɓar bolt 230 na layi ya sauko da shi zuwa tsakanin 50 da 80, in wuta ta kama ma ya faɗo zuwa 20 ko 30. A madadin haka sai ya ninka yawan lantarkin da ke gudu. Ƙaramin dutsen guga yakan ja wajen amfiya biyar, sandar walda mai kaurin milimita 3.2 kuwa, wadda masu sana'ar ke kira geji 10, tana son tsakanin 90 da 130. Waya ɗaya tana zuwa mariƙi, ɗaya a maƙala ta a jikin ƙarfen da za a haɗa. Mai walda ya ƙyasta bakin sandar a jikin ƙarfen ya ɗaga kaɗan. Lantarkin ya tsallake wannan 'yar rata, iskar da ke ciki ta zama hanyar wucewarsa, zafinta ya haura digiri 3,000, alhali ƙarfe yana narkewa a wajen 1,500. Nan take bakin ƙarfen biyu ya zama ɗan kududdufi mai sheƙi, sandar tana ɗiga a ciki.

Rigar fa? Wani ɓangarenta yana ƙonewa ya zama hayaƙi da ke kewaye wutar ya ture iskar waje. Wani ɓangaren yana narkewa ya bi ɗigon ƙarfen zuwa cikin kududdufin, ya kama datti, kuma da yake bai kai ƙarfe nauyi ba sai ya taso sama ya daskare, ya zama ɓawon da ke lulluɓe layin har ya huce a hankali. Akwai gishirin fotasiyam ko sodiyam a ciki da ke sa wutar ta tsaya cak, akwai manganis da silikon da ke maye gurbin abin da wuta ta cinye. Sannan rigar ba ta saurin narkewa kamar wayar da ke cikinta, don haka bakin sandar yakan yi ɗan zurfi, wutar da ɗigon ƙarfen su fito ta nan a saite. Wannan, tare da ɓawon da ke saurin daskarewa ya tallafe narkakken ƙarfen, shi ya sa ake iya walda a tsaye da kuma a saman kai. Duk wannan hidima tana faruwa ne a wurin da bai kai faɗin farce ba.

Saura na hannu ne. Sandar tana gajarcewa tana cikin aiki, don haka hannun yana tafiya gaba yana kuma sauka ƙasa a lokaci guda, ratar ba ta wuce kaurin wayar ba. In ya ɗaga da yawa, wuta ta yi ta feshi tana zaizaye gefen ƙarfen. In ya kusanta da yawa, sandar ta manne. In ya yi sauri, layin ya fito siriri bai shiga ciki ba, in ya yi nawa ya huda ƙarfen. Sabon shiga hasken yake kallo. Gwani kududdufin yake kallo, yana bambanta ƙarfe da ɓawo alhali dukansu a narke suke, yana hana ɓawon shiga gaban wutar, don in ya shiga gaba ƙarfe zai binne shi ya zama ɓoyayyen aibi. Cikin minti ɗaya ko biyu sanda mai tsawon santimita 35 ta ƙare, a jefar da guntun, a kakkaɓe ɓawon da 'yar guduma, a goge, a ɗora sabuwa daidai inda aka tsaya. In aikin ya yi kyau, sau da yawa ɓawon da kansa yake ɗagowa.

A Ingila, Arthur Strohmenger ya bi wata hanyar, ya riƙa naɗe waya da zaren asbestos, wanda a lokacin ba a gama sanin irin ɓarnar da yake yi wa huhu ba. Ya yi rajistarta a 1912, kuma waldar da take bayarwa tana da tsabta. A Milwaukee ta Amurka, kamfanin A. O. Smith ya naɗe waya da takarda da aka jiƙa a ruwan silika, daga nan aka gane cewa ɓargon itace in ya ƙone yana ba da hayaƙi mai kāriya sosai. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya hanzarta komai. A 1917, da Amurka ta shiga yaƙin, ma'aikatan jiragen Jamus da ke tsare a tashar New York sun riga sun farfasa injinansu don kada a mora. Maimakon a jira a zubo sababbin sassa, sai aka yi musu walda, cikin 'yan watanni jiragen suka koma ruwa suna jigilar sojojin Amurka. Wannan ya buɗe idon masu shakka da yawa. A 1919 aka kafa Ƙungiyar Walda ta Amurka, a 1920 kuma kamfanin Cammell Laird da ke Birkenhead ya saka Fullagar a ruwa, ƙaramin jirgin dakon kaya wanda aka haɗa gangar jikinsa da walda zalla. Ya yi shekara 17 yana aiki da sunaye daban-daban kafin karo da wani jirgin ya nutsar da shi a 1937.

Abin da ya rage shi ne tsada, domin tsoma sanda ɗaya-ɗaya ko naɗe ta aiki ne mai cin lokaci. A 1927 aka fito da injin da ke matsa kwaɓin a jikin waya yana fitar da sanduna ba tsayawa, kaurin rigarsu ɗaya. Farashi ya faɗi, kuma masu haɗawa suka samu damar sauya kayan kwaɓin gwargwadon aiki. A Folan, Farfesa Stefan Bryła ya tsara gadar Maurzyce a kan kogin Słudwia, mai tsawon mita 27, aka buɗe ta a 1929, gadar mota ta farko da aka yi da walda gaba ɗaya. Jamus kuma, wadda yarjejeniyar Versailles ta ƙayyade wa nauyin jiragen yaƙi, ta yi amfani da walda wajen gina jirgin Deutschland don ta rage nauyin jiki ta ƙara na bindigogi.

Sai ƙarfe ya fara ba da mamaki. A watan Maris na 1938 wata sabuwar gada da aka yi da walda a Hasselt ta Beljiyam ta karye ta faɗa cikin mashigin ruwa na Albert, a lokacin sanyi, ba tare da wani nauyin kirki a kanta ba. Ba a gama fahimtar dalili ba Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus suna nutsar da jiragen kaya fiye da yadda ake iya ginawa. Amurka ta amsa da jiragen da aka kira Liberty: guda 2,710 tsakanin 1941 da 1945, a ma'aikatu 18. Ana haɗa manyan sassa a gefe, a ɗauko su da ƙugiya a jera, injinan walda su bi dogayen layukan da ke kwance, masu sanda su bi sauran lunguna. Dubban waɗanda suka riƙe sandar ba su taɓa ganin ma'aikatar jirgi ba kafin yaƙin, da yawansu mata ne, an koya musu cikin 'yan makonni. Jirgin farko ya ɗauki wata takwas, daga baya matsakaicin lokaci ya sauko zuwa kwana 42. A Nuwamban 1942, a Richmond ta Kalifoniya, an harhaɗa Robert E. Peary aka saka shi a ruwa cikin ƙasa da kwana biyar, don a nuna wa duniya abin da za a iya.

Daren 16 ga Janairun 1943, wata sabuwar tankar mai mai suna Schenectady tana ɗaure a Portland ta jihar Oregon, ta dawo daga gwaji ke nan, ruwa a kwance, gari da sanyi. Sai aka ji ƙara mai ƙarfi daga nesa. Jirgin ya tsage gida biyu, tsakiyarsa ta ɗago sama, gaba da baya suka dafa ƙasa. A Nuwamban wannan shekara jirgin Liberty mai suna John P. Gaines ya rabe biyu a tekun Alaska, mutum goma suka rasu. An samu tsaga manya da ƙanana a ɗaruruwan jirage, aka ɗora laifin a kan walda da kuma sababbin ma'aikata.

Wata masaniyar ƙarafa a Jami'ar Cambridge, Constance Tipper, ita ta nuna cewa maganar ta wuce nan. Irin ƙarfen da aka yi jiragen da shi yana da wani mataki na sanyi wanda in an sauka ƙasa da shi halinsa yake sauyawa: maimakon ya lanƙwasa ya jure, sai ya tsinke farat ɗaya. Ruwan arewacin Atlantika kuwa yana kai shi wannan mataki. Tsagar tana bukatar mafari, ta kuma same shi a kusurwoyin ƙofofin ɗakin kaya da aka yanka da kaifi, da wuraren da walda ta bar aibi. Duk wanda ya ga mai sayar da yadi a kasuwar Kantin Kwari ta Kano ya ɗan tsaga baki da almakashi ya ja, yadin ya yage har ƙarshe, ya ga abin da ya faru. A jirgin ƙusa tsagar takan tsaya a bakin falle, domin na gaba daban yake. A jirgin walda duk jikin falle ɗaya ne, babu abin da zai tare ta. Aka zagaye kusurwoyin, aka sa wasu ɗamarun ƙarfe da ƙusa a wurare na musamman don su tsayar da tsaga, aka kuma gyara haɗin ƙarfen kansa. Walda ta fita da mutuncinta, amma an koyi cewa tsarin gini da irin ƙarfe dole su sauya tare da ita.

Wani maƙiyin da aka gano a wancan zamani shi ne haidirojin. Yana fitowa ne daga danshi, ko mai, ko fenti, ya narke cikin ƙarfen, kuma a ƙarfe mai kauri ko mai tauri yakan sa tsaga ta fito bayan awoyi, wani lokaci bayan kwana ɗaya ko biyu, mai walda ya riga ya tafi gida. Maganinsa shi ne sanda mai rigar dutsen farar ƙasa, wadda ake gasawa a masana'anta a rufe ta ruf, in an buɗe kuma a ajiye ta a tanda mai zafin digiri 120 ko sama. Ita ce ake rubuta wa E7018. Lambobin nan ba ado ba ne. A E6013, wadda ta fi yawa a shagunanmu, 60 na nufin waldar za ta jure jan fam 60,000 a kowane inci murabba'i, kusan kilo 42 a kowace milimita murabba'i. Lamba 1 na nufin ana iya aiki da ita a kwance da tsaye da saman kai, 3 kuma tana nuna irin rigar, wadda yashin rutayil ya fi yawa a ciki, ma'adinin da ƙasar Saliyo ke cikin manyan masu haƙo shi a duniya. Tana da saukin kamawa, ba ta nutsewa da zurfi, ta dace da ƙofa da taga. E6010 mai rigar ɓargon itace kuwa tona ƙarfe take yi, da ita ake bin layin farko na cikin bututun mai. Wanda ya bar kwalin 7018 a buɗe a ƙasan shago cikin damina, sannan ya yi waldar shasin tirela da ita, ya biya kuɗin sanda mai tsada ya zubar da abin da ya sa take da tsada.

Tun daga shekarun 1930 kishiyoyi suka fara fitowa. Akwai waldar inji da ke binne wutar a ƙarƙashin gari, akwai ta tangistin da iskar kwalba wadda Russell Meredith ya kammala a kamfanin jiragen sama na Northrop a farkon shekarun 1940, akwai ta waya mai warwarowa daga naɗi wadda ta fito a 1948. Duk sun fi sanda sauri ko tsabta, kuma a cikin masana'antu sun karɓe yawancin aikin. Amma waɗanda ke dogara da iskar kwalba, iska kaɗan in ta kaɗa sai ta kwashe kāriyar. Sanda kuwa kāriyarta na jikinta. Ba ta bukatar kwalba, tana haƙuri da ɗan tsatsa, ana iya jan wayarta mita da yawa a hau bene ko a shiga rami, in an sauya ƙarfe sai a sauya sanda kawai. Shi ya sa har yau ita ce a wurin kafa ginshiƙan gini, da gyaran jirgi, da haƙoran katafila, da gonaki, da ma'adinai. Har a ƙarƙashin ruwa tana aiki, tun da Konstantin Khrenov ya nuna haka a Tarayyar Sobiyet a 1932.

Bututun man Alaska, mai faɗin inci 48 da tsawon mil 800, wanda aka gama a 1977, yawancin mahaɗansa na fili da hannu aka yi su, da sanda, cikin sanyin da sai an gasa bakin bututun kafin a fara. Ana ɗaukar hoton kowace mahaɗa da na'urar ganin ciki, kuma da aka gano an yi maguɗi a wasu hotunan, sai da aka sake bin mahaɗai kusan 4,000, har da tono waɗanda aka riga aka binne. Wanda ya ga wannan kamar tsanani ya yi yawa, ya dubi abin da ya faru a Tekun Arewa, ɓangaren ƙasar Norwe, ranar 27 ga Maris, 1980. Dandalin Alexander L. Kielland, inda ma'aikatan haƙar mai ke kwana, ƙafarsa ɗaya cikin biyar ta ɓalle cikin guguwa, ya kife, mutum 123 cikin 212 suka mutu. Bincike ya bi tsagar har mafarinta: wata 'yar walda mai kaurin milimita 6, wadda ta riƙe mazaunin wata na'urar sauraren sauti a jikin tokarin ƙafar. An tarar da fenti a cikin tsagar, alamar tana nan tun daga ma'aikatar da aka gina shi.

A ƙasashenmu sandar nan ta samu gida fiye da ko'ina, kuma saboda dalilan da suka raya ta a sauran wurare. A Panteka ta Kaduna, da Ƙofar Ruwa a Kano, da Katako a Yamai, da Suame Magazine a Kumasi, da ita ake fitar da ƙofofi da tagogi da gadaje, da injin niƙa, da garmar shanu, da kurar ruwa, da mazaunin tanki, da bodin manyan motoci. Injin ma sau da yawa a gida ake naɗa shi: fallayen tsohuwar taransifoma, da wayar jan ƙarfe ko alminiyam, da katako. Yana aiki, ko da yake in an ƙyasta sanda fitilun maƙwabta sukan dushe. Yanzu ƙananan injinan zamani da ake ratayawa a kafaɗa suna shigowa, ba sa cin wuta sosai, ƙaramin janareta ma yana ɗaukarsu. Basirar da ke cikin waɗannan kasuwanni ba ƙarama ba ce, kuma ita ke riƙe da sufuri da noma a wurare da yawa.

Abin da ke ci mini rai shi ne ido da huhu. Bakan wutar yana fitar da hasken da ido ba ya gani, mai ƙona fatar ƙwayar ido. Ba a jin komai a lokacin, sai cikin dare mutum ya farka ido ya yi ja, hawaye na zuba, ya kasa buɗewa. Baƙin tabarau na kasuwa ba ya wadatarwa, gilashin walda mai lamba 10 zuwa 12 ake bukata, a cikin garkuwar da ke rufe fuska duka, kuma yaron da ke riƙe wa maigida ƙarfe shi ma yana bukatarsa. A 2017 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin walda a jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji. Ƙarfe mai rufin tutiya yana ba da farin hayaƙi da ke sa zazzaɓi. Tankin fetur da aka juye kuwa ya fi cikakke haɗari, domin tururin da ya rage a ciki shi ke fashewa.

Tsakanin mai ƙofa da mai bututu akwai jarrabawa, kuma ita ce ƙofar manyan ayyuka irin bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai tsawon kilomita 614, ko na ɗanyen mai da ya tashi daga Agadem a Nijar zuwa gaɓar tekun Benin. A irin waɗannan ayyuka, ko inda inji ke bin dogon layi, haɗin ƙarshe da gyare-gyare sukan koma hannun mai sanda. Cibiyar Horar da Ma'aikatan Man Fetur da ke Effurun tana cikin wuraren da ake koyar da wannan mataki. Jarrabawar da aka fi girmamawa ita ce 6G. Ana kafe guntayen bututu biyu a karkace, digiri 45, ba a juya su, mai walda ne zai zagaya, ta yadda a mahaɗa ɗaya zai yi ta saman kai da ta tsaye da ta kwance. In ya gama, a ɗauki hoton cikinta, ko a yanko ɓangarori daga wurare daban-daban a sa su a inji a lanƙwasa har su yi kusan haɗe baki. In aibin da ya buɗe a bayan lanƙwasar ya wuce milimita uku, ya faɗi, sai ya koma ya ƙara koyo ya sake zama.